A Kwashe Hatsi Kafin a Gyara Rumbu

Kwamfutar wasa, mai kaurin nan da fanka biyu da fitila a ƙarƙashin maɓallai, an ƙera ta ne da tunanin ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta rawa. Mu kuwa a Mai Wurno, kudu da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu, daga Afrilu har faɗuwar ruwa zafi kan haura digiri 40, habubu ta taso ta lulluɓe gari har mutum ya riƙa jin ƙasa a haƙoransa, wutar lantarki kuma tun kafin yaƙi zuwa take yi ta tafi ba sallama, duk da cewa madatsar Sinnar da aka gama a 1925 tana nan kusa da mu. Amma irin wannan kwamfuta ta shiga gidajen Hausawa da dama, a nan da ƙauyukan Jazira, domin ita ce tsarabar da uban da ke aiki a Jidda ko Riyad ke aiko wa ɗansa idan ya shiga jami'a. Yaro zai ce karatun injiniya na bukatar mai ƙarfi, kuma gaskiya ya faɗa, ko da yake wasan ƙwallo na PES ma yana ransa.

Ta ɗan ƙanwata haka ta zo. Ta hannu ce, mahaifinsa ya saya a Jidda ya ba wani mai dawowa daga Umra ya kawo. Yaron yana karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, a cikinta yake zanen AutoCAD, a cikinta yake wasa. Da hutu ya zo sai ta zama ta gida duka, kuma a nan ne ta fara ɗaukar kayan da suka fi ƙarfin kuɗinta.

Wanda bai zauna cikin Hausawan Sudan ba zai yi wuya ya gane matsayin takarda a wurinmu. Garinmu ya kafu ne a 1906, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Wasu kakannin namu hanyar hajji ce ta kawo su, suka tsaya neman guzuri, suka shiga aikin auduga a gonakin Jazira, suka zauna. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma har yau akwai ofishin da Bahaushe zai shiga neman takardar ɗan ƙasa a tambaye shi ta ubansa da ta kakansa. A Yulin 2022, da rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, 'yan'uwa suka iso mana daga wajen Rusairis da tufafin jikinsu kawai, ba takardar haihuwa, ba shaidar makaranta. Ganin haka ya sa muka zauna muka ɗauki hoton kowace takarda da ke gidan: lambar ɗan ƙasa ta kowa, takardar fili, shaidar aure, sakamakon jarrabawa, har da wasu tsofaffin wasiƙu na ajami da ke cikin adakar mahaifinmu. Ni kuma malamin makaranta ne, na daɗe ina naɗar muryar Goggo, yayar mahaifinmu, tana ba da labarin da ta ji daga bakin uwarta na tafiyar ƙasa daga Kano, ta Abeshe da Junaina da Fashir da Ubayyid. Idan waya ta cika sai a juye a kwamfutar yaron a goge na wayar, yadda kowa ke yi.

Yaƙi ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023. A Disamba na shekarar dakarun RSF suka shiga Madani, jama'a suka kwararo kudu. Yaron ya iso da jakar baya, kwamfutar na ciki, cajar ta rage a ɗakin kwanan ɗalibai. Wannan caja ita ce farkon labarin. Cajar kwamfutar wasa kan ba da wat 150 zuwa 180, wasu ma sun fi haka, alhali ta kwamfutar ofis wat 45 ko 65 ce. Abin da aka samu a kasuwa bakinsa ya shiga ramin, rubutun jikinsa ya yi kama da na asali, amma ko a hannu aka ɗaga shi an san bai kai nauyi ba. Wuta kuma ta zama sai a rumfar mai janareta, inda ake jera wayoyin unguwa a kan soket ɗaya. Haka aka lallaɓa har bazara. Fanka ta riƙa kuka tun daga kunnawa, jikin kwamfutar ya riƙa zafin da ba a iya ɗora ta a cinya. Wata rana da la'asar, yara sun kewaye shi suna kallon wasa, janareta ya yi tari ya dawo da ƙarfi, sikirin ya ɗauke, aka ji ƙaurin roba. Daga nan ko ƙaramar fitilar caji ba ta ƙara kamawa ba.

Ban ga laifin yaron ba, kuma ban yarda da masu cewa wasa ne ya ja masa ba. Matashin da ya bar karatunsa da abokansa da dare ɗaya, ya zauna a ƙauye ba aiki ba labari, wannan wasan ne ya riƙe masa hankali, kuma yaran da ke zama gefensa sun sami awa guda da ba a maganar harbi. Da ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Kawu, ta mutu," abin da na gani a fuskarsa tsoron takardun ne da muryar Goggo, wadda Allah ya yi wa rasuwa da sanyin shekarar.

Muka hau mota zuwa Sinnar. Kasuwar a lokacin cike take da masu sana'ar da yaƙi ya koro daga Hartum da Madani, kowa ya kafa tebur inda ya samu. Mai gyara na farko ya jujjuya ta, ya sansana ramin iska, ya ce a bar masa ita, zai gasa ƙwaƙwalwar hoto da iska mai zafi, idan ta tashi ya wanke ta ya sa mata sabon Windows. Yaron ya tambaye shi abin da ke ciki fa. Ya ce wannan sai yadda Allah ya yi. Mutumin ba mugu ba ne, gyaran waya ne sana'arsa, kuma yawancin masu zuwa wurinsa so suke abu ya kunnu su tafi. Muka yi masa godiya muka ɗauki kayanmu.

Na biyu dattijo ne, Bahaushe, ana ce masa Usta, ya yi shekaru yana da shago a Suk al-Arabi a Hartum kafin ya baro komai. Bai taɓa kwamfutar ba sai da ya tambaya.

"Malam, me ke cikinta?"

Na lissafa masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, maganar gyara sai anjima. Rumbu idan ya tsage, hatsi ake fara kwashewa, sannan a kira magini."

Na ce, "Usta, ai ba ta kunnuwa."

Ya ce, "Ita ce ba ta kunnuwa. Ma'ajiyarta daban take."

Wannan shi ne abu mafi girma da na koya a wannan tafiya, kuma na lura mutane da yawa masu ilimi ba su san shi ba. Allon da ke sarrafa kwamfuta abu ɗaya ne, wurin da take ajiye fayiloli wani abu ne, kuma a yawancin kwamfutocin wasa ana iya zare shi da sukudireba. Allo na iya ƙonewa ƙurmus ma'ajiya tana lafiya lau. Abin da ya fi halaka fayiloli bayan kwamfuta ta lalace shi ne abin da ake yi mata daga baya: a yi ta gwada kunnawa da caja iri-iri, a gasa allo da ma'ajiyar a jiki, ko a sa sabon Windows a kan tsohon ba tare da an tambayi mai ita ba.

Ya kifa ta a kan tsumma, ya kwance sukurorin yana jera su a kan maganaɗisun tsohuwar sifika bisa tsarin da suka fito. Da murfin ya buɗe, abin da ya fara yi shi ne zare igiyar batir daga allo. Sannan ya kira yaron ya matso. Tsakanin fanka da siraran fikafikan tagulla da iska ke bi ta fita, ƙura ta daskare ta toshe hanya gaba ɗaya. Da hantsaki ya ciro ta a dunƙule, ja-ja-wur, da zaren auduga a ciki. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla domin ya ja zafi ya bushe ya tsattsage. Ya ce fankar tana juyawa, iskar ce ba ta da mafita, shi ya sa cikin ya yi watanni yana dahuwa a kan digiri 90 da wani abu. Daga nan ya kwance sukuru ɗaya, ya zaro SSD, ɗan siririn allo mai tsawon santimita 8, ya kuma ciro faifai mai juyawa na terabayit 1 da ke gefe. Ya naɗe kowanne a takarda, ya miƙa mini a hannu ya ce in sa a aljihun gaba.

Na tambaye shi me ya sa ba zai ajiye a wurinsa ba. Ya ce, "Akwai hotunan iyalinka a ciki, akwai takardun mata. Amana ce da ba na so in kwana da ita. Duk abin da za mu yi, a gabanka za mu yi." Tun daga ranar nake gaya wa kowa, duk mai kai kwamfuta ko waya gyara ya cire ma'ajiya in tana ciruwa, in ba ta ciruwa ya zauna a wurin. A gari irin namu, hoton 'yar mutum ɗaya da ya fita ya isa ya rushe gida.

Ya sa SSD ɗin a wani ɗan kwanso mai igiyar USB ya haɗa da tasa kwamfutar. Ta gan shi nan take, amma da ya danna sai ta nemi mabuɗi. Windows na da wani kulle da ake kira BitLocker, wanda a kwamfutoci da yawa yake kama kansa da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft. Muddin ma'ajiyar na jikin allonta na asali, ba a ma sanin yana nan, domin allon ne ke riƙe da sirrin buɗewa. Da an raba su, sai an kawo lambobi 48, rukuni takwas na shida-shida. An yi shi ne domin ɓarawo kada ya karanta abin mutane, kuma yana aikinsa da gaske: babu wani mai gyara a Sinnar ko Alƙahira da zai fasa shi. Usta ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, da asusun wa ka shiga, naka ko na wanda ya sayar wa babanka?" Da a ce na tsohon mai ita ne, wani baƙo a Jidda, da zance ya ƙare a nan. Allah ya sa yaron ya sake sa Windows da kansa lokacin da ta zo, da nasa asusun.

Saura intanet, domin a cikin asusun mabuɗin yake. Tun Fabrairun 2024 da layuka suka ɗauke a kusan duk ƙasar, abin da ya dawo mana rarrauna ne, sai dare ya yi nisa shafi ke buɗewa. Da ya buɗe, yaron ya sa kalmar sirri, sai aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa wani layi mai ƙarewa da lambobi kaza. Ya yi shiru yana tunani, can ya ce, "Kawu, layin Inna ne." Ya buɗe asusun tun yana sakandare, lokacin ba shi da waya. Ƙanwata tana da wata ƙaramar waya mai maɓallai da take ƙullewa a bakin mayafi, ba ta taɓa canza layi ba. Muka koma gida, muka tashe ta cikin dare, ta kwance ƙullin tana cewa, "Yaya, lafiya?" Saƙon ya shigo, ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, shafin ya buɗe, ga mabuɗin. Na kwafe shi da biro a bangon littafin da nake rubuta sunayen ɗalibai, yaron ya karanta na bi da ido, na karanta ya bi.

Da muka koma wurin Usta, SSD ya buɗe. Zanen yaron na jami'a, takardun gida, hotunan wasiƙun ajami, duk suna nan da sunayensu. Muka juye su a wani faifan waje da muka saya a kasuwar, aka biya ta manhajar Bankak domin tsabar kuɗi ta yi wuya.

Faifai mai juyawa ne ya ba mu wahala, kuma a cikinsa muryar Goggo take. Irin wannan faifai yana juyawa sau 5,400 a minti, wata allura tana shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani. Jijjigar hanyar Madani da zafin watanni sun taɓa shi. Da aka haɗa, ya tashi, amma lokaci-lokaci sai a ji ƙas, ƙas, ya tsaya ya ci gaba. Yaron ya miƙa hannu zai buɗe foldar muryoyin ya ja su. Usta ya riƙe masa hannu. Ya ce faifan da ya fara wannan ƙara kwanansa ƙidayayye ne, idan aka ja fayil ya ci karo da wurin da ya lalace, Windows zai yi ta maimaita karatu a wuri ɗaya har allurar ta ƙarasa shi. Sai ya tashi kwamfutarsa da Linux daga filashi, ya sa wata manhaja mai suna ddrescue. Aikinta shi ne ta kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani lafiyayye, ta fara da wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu gardama tana rubuta inda suke, sai a ƙarshe ta dawo ta lallaɓa su. Idan wuta ta ɗauke, daga inda ta tsaya take ci gaba, wanda a halin da muke ciki ba ƙaramar rahama ba ce. Ya kunna ƙaramar fanka ya saita ta kan faifan. Aikin ya ci lokaci mai tsawo, muna zuwa muna komawa da faifan a aljihu.

A kan kwafin aka yi sauran bincike, asalin kuma aka ajiye shi gefe. Yawancin muryoyin sun fito lafiya. Wasu foldoji sun ɓace daga jeri, sai ya bi su da PhotoRec, wadda ke gane fayil daga tsarin cikinsa ko da sunansa ya ɓata. Ta zubo dubban fayiloli masu sunan lambobi, muka zauna ni da yaron muna saurara ɗaya-ɗaya muna raɗa musu suna. A cikinsu na ji Goggo tana dariya tana gyara mini sunan wata rijiya a hanyar Nuhud. Zaman da ta yi bayanin yadda uwarta ta rabu da ƙanwarta a Junaina kuwa, rabinsa ne ya dawo. Yana kaiwa tsakiya sai ya koma shuuu. Babu wanda ya rage a gidanmu da ya san ƙarshen wannan labari.

Akwai kuma abin da bai dawo ba ko kaɗan. Watanni kafin haka yaron ya goge wata folda ta hotunan bikin 'yar'uwarsa daga SSD domin ya sami wurin sa wasa, yana zaton akwai su a wayar wani. Usta ya gwada, bai sami komai ba, ya kuma bayyana dalili. A faifai mai juyawa, abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. SSD kuwa, da zarar an goge, Windows kan sanar da shi ta wani umarni da ake kira TRIM, shi kuma ya share wurin da kansa ba da jimawa ba. Saboda haka saurin da ake yabon SSD da shi yana tafe da sharaɗi: abin da ka goge ka kwashe daga kwandon shara, ka ɗauka ya tafi. Ya kuma ja mana kunne kan abu biyu da ake yaɗawa, sa faifai a firji da buɗe murfinsa a duba ciki. Na farko raɓa yake tara masa, na biyu ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce shi, balle a garin habubu.

Sai da hatsi ya koma wuri mai aminci aka juyo kan allon. Ya bi shi da mita, tana ƙara a inda bai kamata ba, har ya kai ga wani ɗan baƙin transisto kusa da ƙwaƙwalwar hoto, gefensa ya kumbura. Bayaninsa a taƙaice shi ne: caja na kawo wajen volt 19, ƙwaƙwalwar hoto kuma da kusan volt 1 take aiki, waɗannan transistoci ne ke rage wutar. Zafi ya gajiyar da wannan, tarin janareta da cajar banza suka ƙarasa shi, ya haɗe, wutar ta wuce kai tsaye. Ƙwaƙwalwar hoton ta ƙone, kuma a like take da allo da ɗaruruwan ɗigon dalma a ƙarƙashinta. Canza ta na bukatar injin da ya bari a Hartum da kayan da sai an yi odarsu daga waje ta Bur Sudan, ba tabbacin za su iso, ba tabbacin za su yi aiki. Sabon allo kuwa, da kuɗin kawowa da yadda fam ke faɗuwa kullum, ya kusa kuɗin wata kwamfutar ta hannu.

Ya ba mu hanya ta uku. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar tana da nata ƙaramin sashen hoto a ciki. Ya cire abin da ya ƙone, ya yanke wutar da ke zuwa ga matacciyar, ya wanke fikafikan tagulla, ya shafa sabon mai, ya nemo caja ta asali ta hannu a wurin wani abokin sana'arsa. Ta tashi. Manyan wasanni sun tafi ke nan, ramin HDMI ma ya daina aiki domin ta matacciyar yake bi, amma rubutu da karatu da zanen shimfiɗa na AutoCAD duk tana yi, ba ta zafi kamar da, batir kuma ya ƙara jimawa. Yaron ya yi shiru a mota har muka kusa gida, sannan ya ce ya gode Allah da zanensa ya tsira, wasa kuwa akwai na waya. Na san abin ya yi masa ciwo, ban kuma ce masa ba komai ba ne.

Ra'ayina game da gyara ko sauyawa ya tsaya ne a kan abin da na gani a teburin nan. Fanka, batir, sikirin, maɓallai, ramin caji, ƙyauren da ya karye, duk waɗannan a gyara, kuɗinsu bai kai na sabuwa ba. Idan aka ce ƙwaƙwalwar hoto ce, kuma mai gyara ya ce zai gasa ta, a sani ko ta tashi ba ta cika daɗewa ba, kada a zuba kuɗin da za a yi kuka da shi. Kuma kowace hanya aka bi, ma'ajiya ta fito tukuna.

Ba a jima ba aka gwada mu. A ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta faɗa hannun RSF, hanyar da ke gaban gidajenmu ta cika da masu gudu, ƙanwata da 'ya'yanta suka bi ayari zuwa Gadarif. Kwamfutar mai nauyi ce, an bar ta. Faifan waje da filashi biyu su suka tafi, ɗaya a jikinta ɗaya a jikin yaron. A Gadarif, da aka nemi takardun yara domin rajista, shagon buga takardu suka shiga suka fito da su a hannu. Maƙwabtan da suka tafi tare da su, waɗanda takardunsu ke cikin akwati a gida, sun sha wahalar da ba zan iya kwatantawa ba.

Kafin tafiyar mun riga mun yi abin da masana ke ba da shawara, wato kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a nesa. Nesa a wurinmu ba ta nufin ɗakin maƙwabci, domin abin da zai ci gidanka zai ci nasa. Google na ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, ya ishi takardu da muryoyi idan ba a cusa bidiyo ba, muka riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan cikin dare. Muka tura wa mahaifin yaron a Jidda, muka tura wa wani ɗan'uwa a Kano da zumunci ya sake haɗa mu da shi ta waya. Wanda zai tura takarda ta WhatsApp ya tura ta a matsayin fayil, domin idan ya tura a matsayin hoto ana matse ta har ƙananan rubutu da hatimi su dushe. Filashin kasuwa kuma a gwada shi kafin a amince masa: a cika shi, a zare, a mayar, a buɗe fayilolin ƙarshe, saboda akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Mabuɗin nan mai lambobi 48 yana rubuce a takarda a wuri biyu, layin ƙanwata kuma ana sa masa kuɗi a kai a kai domin kada a rufe shi.

Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, suka shiga Madani a Janairun 2025, mutane suka fara komawa. Kwamfutar mun same ta inda aka ɓoye ta, tana aiki, yanzu a kan ƙaramar sola take, kuma duk bayan habubu yaron kan buɗe ta ya share fankar da burushi, ya koya daga kallon Usta. Ba ya ɗora ta a katifa ko darduma, ya sa mata katako biyu a ƙasa domin iska ta wuce.

Kwanakin baya mahaifinsa ya kira daga Jidda, ya ce ya tara ɗan abin da zai saya masa wata, a faɗa masa iri. Na miƙa wa yaron wayar. Ya ce, "Baba, ka nemi ta ofis, ta hannu mai kyau, mai cajar wat 65 da solarmu za ta iya ɗauka. Ka sa a buɗe a gabanka ka ga SSD ɗin na zaruwa, kada ya zama a like da allo. Ka ce mai shagon ya fita daga asusunsa ya goge komai kafin ka biya. Caja ta asali, in da hali guda biyu. Canjin da ya rage ka saya mana faifan waje." Uban ya tambaye shi wasan fa. Ya ce idan ya gama karatu ya fara aiki zai haɗa ta tebur da kansa, wadda in katin hotonta ya ƙone ana zare shi a sa wani.